Makin Tara da Ɗigo Tara

Wallahi ko rantsuwa na jera muku daga nan har bakin titi ba za ku yarda da labarin nan ba. Ni ma da ba da rana tsaka aka yi shi a gaban jama'a ba, da na ce wani maras aikin yi ne ya zauna ya tsara. Amma shaidu suna nan da ransu, uku daga cikinsu ma har yau da kai kawai suke amsa gaisuwar wanda ya jawo abin.

Wanda ya jawo abin kuwa Injiniya ne. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, don tun a aji biyu na sakandare suka rabu da makaranta. Shi ya ce malaman ne suka ƙare abin koyarwa, su kuma malaman suna da wani labari daban da ya haɗa da kwaɗo da aljihun teburin shugaba. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya tayar da fankar shago ta hanyar kwaɗa mata takalmi. Yayarsa dai Auta take ce masa, ko da a gaban 'yan mata ne.

Yaya ce mai shagon buga takardu da ke ƙasan wani bene mai hawa biyu. Ana taifin, ana kwafi, ana ɗaure littafi. Wuraren zama biyu ne a shagon: akwai kujerar kwamfuta mai juyawa, mai mazauni kamar burodi, akwai kuma benci a bayan ƙofa inda ake jera takardu ana ɗinke su da sitefula. Shekara biyu Injiniya yana kan bencin nan, ƙas-ƙas tun safe har yamma, yana kallon kujerar kamar mai kallon abinci ta bayan gilashi.

Ran nan da safe Yaya ta rataya jaka ta ce, "Auta, zo nan."

"Injiniya dai, Yaya."

"Auta. Mai taifin ta tafi haihuwa, kuma ta ce ba lallai ta dawo ba. Ni kuma zan je ɗauko sabuwar na'ura, kwana uku zan yi. Ga makulli. In na dawo na tarar da shago yadda na bar shi, kujerar nan ta zama taka. In kuwa mutum ɗaya tak ya tare ni a ƙofa ya ce mini 'ƙanin nan naki', to kai da benci sai furfura."

"Yaya, ki tafi da zuciya ɗaya. Shago yana hannun masana."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan," in ji Yaya, ta fita.

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya haye kujerar. Ya juya dama, ya juya hagu, ya yi zagaye uku har kansa ya fara juyawa shi ma, sannan ya ɗora ƙafa kan tebur ya ciro waya. Abin da ya fara cin karo da shi labari ne da manyan baƙaƙe: an gano wata muguwar ɓaraka a manhajar da kwamfuta ke aika wa firinta aiki da ita, masu kutse na iya bi ta nan su shige, kuma wanda ya gano ta ya ce hatsarinta ya kai tara da ɗigo tara cikin goma. A ƙasa akwai dogon bayani, amma Injiniya bai taɓa karanta abin da ya wuce layi uku ba, yana ganin raini ne ga basirarsa.

Ya sauke ƙafa a hankali. Yaya ta ce kada a yi ƙorafi. To in ta dawo ta tarar benen gaba ɗaya yana yabonsa fa? Ai ba kujera kaɗai ba, har matashi za ta sa masa.

Nan take ya haɗa kayan aiki: mataccen abin sauraron waya ya rataya a wuya irin na likitoci, jar maka ta rubutu a aljihu, da damin farar sitika daga durowar Yaya. Ya fara da maƙwabcinsu na jikin bango, mai sayar da magani. Kowa Dokta yake ce masa, kuma yadda Injiniya ya samu nasa sunan haka shi ma ya samu, don haka babu mai tona wa wani.

"Dokta, firintarka ta tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ciwo take yi?"

"Ciwon da duk kantar nan babu maganinsa. Yanzu haka mutum yana zaune a wata ƙasa da gajeren wando yana kurɓar shayi, ya danna abu ɗaya, sai ga shi cikin firintarka. Daga firinta ya zarce kwamfuta, daga kwamfuta ya san duk wanda ke sayen maganin basir a unguwar nan, da ranar da ya saya."

Dokta ya dafe ƙirji. Ya buɗe firij ya miƙo masa lemo mai sanyi ba tare da an roƙa ba. Injiniya ya shanye tas, sannan ya durƙusa gaban 'yar firintar da Dokta ke buga sitikar jikin magani da ita. Ya kara kunne. Ya sansana bayanta. Ya ƙwanƙwasa mata sau uku kamar mai zaɓen kankana.

"Ka ji wannan ƙirr-ƙirr ɗin?"

"Ai kullum haka take yi."

"Kullum? Innalillahi. To sun daɗe a ciki."

Ya rubuta HATSARI 9.9 da jar maka ya manna a ƙofar kanti, ya ba da umarni a juya firintar ta fuskanci bango a lulluɓe ta da bargo, don kada a hango ta daga ƙasashen waje.

Daga nan ya hau sama, ofishin lauya. Lauyan ba ya cika zama, akawunsa ne ke riƙe da wurin, mutum dogo mai kwat ko ana zafin da ƙarfe ke narkewa. In ogan ba ya nan Barista ake ce masa. Bai ba Injiniya wurin zama ba, bare ruwa, kuma Injiniya bai manta wata rana da mutumin nan ya dawo da takardu ya ce ɗinkin sitefularsa a karkace yake ba. Ko kunne bai kara ba, ya leƙa firintar daga tsaye ya rubuta huɗu.

"Huɗu?" in ji Barista. "Mai maganin ƙasa nawa ka ba shi?"

"Tara da ɗigo tara."

"Wato ɓarawo ya tsallake takardun filaye, ya tsallake takardun gado, ya tsallake shari'ar da ke gaban kotu, ya je ya saci sunan masu tari?"

"Barista, ƙaramin maki ai alheri ne. Yana nufin ba ka cikin hatsari."

"Kada ka yi mini Barista! Waye ya gaya maka ba na cikin hatsari? Duk benen nan babu wanda ya kai ni cancantar a yi masa sata!"

Yana saukowa Baba Tela ya tare shi a gindin matakala da tef a wuya.

"Yaro, ni fa? Kowa an liƙa masa takarda, ni an tsallake ni kamar ba na benen."

"Baba, ai ba ka da firinta."

"Keken nan da wuta yake aiki. Ɓarawon da ya bi waya ya shiga wancan, me zai hana shi shiga wannan?"

Injiniya ya kara kunne a jikin keken ɗinki ya rubuta biyu.

"Biyu? Shekara arba'in ina ɗinki, biyu?"

"Haka na'ura ta nuna, Baba."

"Wace na'ura?"

Injiniya ya nuna kansa da yatsa, ya wuce.

Kafin ya rufe shago da yamma ya zauna a kwamfuta ya buɗe sabon fayil ya rubuta makin kowa da ainihin dalilin da ya sa ya ba shi, don kada gobe ya manta ya saɓa wa kansa. Da yake shi kaɗai zai karanta, ya saki hannu, yana rubutu yana dariya har kujera na juyawa da shi.

Washegari benen ya tashi da zazzaɓin maki. Duk wanda ya zo sayen magani sai ya tsaya a ƙofa ya karanta HATSARI, ya ja da baya. Wata tsohuwa ta dawo da ƙwayoyin da ta saya shekaranjiya a ƙulle a bakin zani, tana tambaya ko suna cikin taran ko suna cikin ɗigon. Dokta ya fito yana bayani da fara'a, cewa ba magani ba ne, bayanan kantinsa ne suka yi darajar da har ƙasashen waje ake nemansu. Jin haka mutum biyu da ke layi suka tuna abin da suka saba saya a wurinsa, suka sulale. Har azahar bai sayar da ko filasta ba, amma da wani ya ce ya ɓamɓare sitikar sai ya ce ai sai dai a ɓamɓare ƙofar, don na sama ya ji daɗi?

Na sama kuwa sai ga shi ya sauko da kansa da kofin shayi da biskit biyu a faranti, ya ce dama wucewa yake yi. Injiniya ya sha, ya hau ya sake aunawa, ya ce lallai jiya iska ta hana shi ji sosai, firintar ta kai shida da rabi. Labari ya kai wa Dokta, ya zo a fusace.

"An ƙara wa wancan, ni fa? A cike mini goma!"

"Dokta, goma sai firintar da ta riga ta kama da wuta."

"To nawa ne bayan tara da ɗigo tara?"

"Daga nan sai addu'a."

Baba Tela bai roƙi kowa ba. Ya ɗauki allin ɗinki ya zana ɗaya a gaban biyunsa, ya zama yana da sha biyu cikin goma, ya koma kan kekensa yana waƙa.

La'asar sakaliya lauyan ya leƙo ofis, ya ga jan rubutu a ƙofarsa, ya yi wa akawu tambaya biyu, ya fita. Sai ga Barista ya sauko, wannan karon ba shayi.

"Oga ya ce duk maganar da ba hujja, surutu ce. Ya ce in da gaske ana shiga firinta daga nesa, a shiga tamu mu gani."

Dokta da Baba Tela da masu jiran kwafi duk suka juyo. Mai hankali da sai ya ce wannan aikin 'yan ƙasar waje ne. Injiniya ya gyara abin sauraron da ke wuyansa.

"Taku kaɗai? Gobe sha biyun rana. Ina zaune a kujerar nan, ba zan motsa ba, duk firintar da ke benen nan sai ta yi magana."

Da suka watse ya zauna yana zufa, don ko ta ina ake fara kutse bai sani ba. Ya yi ta danne-danne har ya faɗa wurin zaɓen firinta, sai ga sunaye uku a jere: babbar na'urar Yaya, ta kantin magani, da ta ofishin lauya. Tun shekarar da aka ja intanet ɗaya aka raba wa benen haka suke a jere, mai taifin kullum tana ganinsu tana wucewa. Injiniya bai san haka ba. Ya dubi hannayensa biyu da girmamawa.

"Ashe har na shiga ban sani ba," ya ce.

Rana ta uku, tun sha ɗaya da rabi ƙofar shago ta cika. Har masu shagunan tsallaken titi sun zo, wasu da kujerunsu. Injiniya ya shirya takarda guda mai hoton ƙwarangwal da rubutu: AN SHIGE KU. Ya sa Dokta ya koma ya tsaya kusa da bargonsa, Barista ya hau sama ya leƙo ta taga. Ya miƙe ya yi jawabi kan masana da yadda ba a sanin darajarsu a gida, ya naɗe hannun riga, ya zauna da baya ga kwamfuta don a ga ko kallo ba ya buƙata. Da hannu ɗaya ta bayan kafaɗa ya zaɓi fayil, ya zaɓi firinta uku, ya danna tara a wurin yawan kwafi. Madannin tara kuwa tun ranar da ya zubar da lemo a kansa yake maƙalewa. Allo ya nuna tara uku a jere, jama'a suna gani, shi yana kallon jama'a.

"Ku ƙirga da ni! Ɗaya! Biyu!"

A uku, benen ya ɗauki kuka. Babbar na'urar Yaya ta yi gyaran murya ta fara aman takardu. Daga sama aka ji ta lauya ta amsa. Daga jikin bango aka ji wani gurnani a ƙarƙashin bargo. Jama'a suka kaure da tafi, wani ya yi fito, Injiniya ya miƙe kan kujera ya ɗaga hannu biyu, kujerar ta juya da shi yana gaishe da kowane ɓangare.

Fankar da ya taɓa gyarawa da takalmi ce ta fara kwashe takardun daga bakin na'ura tana watsawa waje. Wani mai gyaran agogo ya cafe ɗaya ya kai kusa da ido.

"Ina ƙwarangwal ɗin? Nan rubutu ne. 'Dokta, tara da ɗigo tara. Dalili: lemo mai sanyi. Da ya haɗa da biskit da na ba shi goma. Ba likita ba ne, ranar da ya ga allura a hannun nas sai da aka yi masa fifita.'"

Tafi ya tsaya. Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba.

Barista ya sauko da gudu, matakala biyu-biyu, da dami a hannu. Firintarsu a cike take da takarda mai tambarin ofis da aka jera don aikin kotu, don haka nasa kwafin da sunan lauya da adireshi a sama ya fito, kamar sammaci. Ya karanta: "'Barista, huɗu. Dalili: ya ce ɗinkina a karkace yake. Kansa ne a karkace. Kwat ɗin ma ta ogansa ce, shi ya sa hannun ya fi shi tsawo. Ogan kuwa shari'a uku na san ya yi, ukun duk wanda ya tsaya wa yana gidan yari.'"

Kowa ya dubi hannun kwat. Barista ya ɓoye hannayensa a baya.

"A karanta mini nawa," in ji Baba Tela. "Ban fito da tabarau ba."

Mutum shida suka karanta masa a tare: "'Baba Tela, biyu. Wandon da ya ɗinka mini ƙafar dama ta girmi ta hagu da wata shida.'"

Injiniya ya sauko daga kan kujera. Da wani ne da tuni ya nemi ƙofar baya, amma shagon ba shi da ita. Sai ya ware ido, ya dafe kai da hannu biyu, ya kurma ihu.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Sun shigo! Na aika ƙwarangwal, sun tare shi a hanya sun sa nasu! Tara da ɗigo tara ke nan, jama'a! Ba na gaya muku ba?"

Dokta ya fito daga kanti, sitika ta manne masa a gaban riga da gira. Firintarsa da ke fuskantar bango ta liƙe bangon da bargon da ƙananan takardu, kowace da guntun zagi, ga warin roba mai zafi na tashi.

"Ɓarawon wata ƙasa ne ya san na ba ka lemo?"

"Ta cikin firinta yake kallo! Ba na ce ka lulluɓe ta ba?"

"Na lulluɓe!"

"Bargon sirara ne, Dokta. Tun jiya na so in faɗa maka."

Wallahi sai ga kawuna sun fara gyaɗawa. Wata mata ta ce dama ta ji ana cewa suna gani har ta cikin talabijin. Saura kaɗan ya tsira, sai Baba Tela ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Ya ce wandon da na ɗinka masa. Ni shekara arba'in ban taɓa auna mutumin wata ƙasa ba. Kuma mutum ɗaya ne ya ƙi tsayawa a miƙe ina aunawa, yana ta rawa wai yana amsa waya."

"Bari in kashe firintocin tukuna!" in ji Injiniya, ya kutsa ta tsakanin mutane ya nufi akwatin wuta da ke ƙarƙashin matakala, ya ja babban makunni. Benen ya yi tsit. Firij ɗin Dokta ya mutu, keken Baba Tela ya mutu, sai ga wani ƙato ya fito daga shagon aski na can ƙarshe da zani a wuya, rabin kansa fes rabi daji, yana tambayar wane ɗan albarka ne. Injiniya ya mayar da makunnin da sauri. Firintocin uku suka farka, suka yi ɗan tunani, suka soma daga farko.

Daidai nan motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin titi, tana taka takardu. Yaya ta sauko, tun kafin lokacin da aka zata, tare da wata mata mai tabarau da 'yar jakar kayan aiki, mai gyaran kwamfutar da ta zo haɗa sabuwar na'ura. Ranar da za ta tafi Yaya ta ce mutum ɗaya tak. Abin da ta samu mutum wajen talatin ne, baki ɗaya kamar an koya musu:

"Ƙanin nan naki!"

Yaya ta sunkuya ta ɗauki takarda ɗaya ta karanta har ƙasa, inda masu karatun farko ba su kai ba saboda dariya. Ta karanta a fili, a hankali: "'Yaya, goma cikin goma. Ba firintarta ba, ita kanta.'"

"Masu kutse ne, Yaya."

Mai gyara ta ratsa ta zauna a kujera, ta yi danni biyu, firintocin suka yi shiru. Ta juyo da allon wajen jama'a.

"Ga wanda ya aika: kwamfutar shagon nan, sha biyu da minti ɗaya. Ga sunan fayil ɗin: Asirin Maki Na Injiniya Kada Kowa Ya Buɗe."

"To ashe ɓarakar ma ƙarya ce?" in ji Barista.

"A'a, gaskiya ce, kuma babba ce. Amma ba firinta ake ba maki ba, bare keken ɗinki. Ɓarakar ake aunawa, kuma ba da kunne ba, da tambayoyi. Ana iya bi ta cikinta daga nesa, ko sai an zo kusa? Sai da makulli, ko kowa ma zai iya? Sai mai gida ya taimaka da hannunsa, ko ko yana barci a shige shi? In an shiga, me za a gani, me za a ɓata, me za a tsayar? Wanda ya gano wannan ya ce tara da ɗigo tara. Da aka zauna aka duba sai aka sauko da ita kaɗan, don sai ɓarawo ya dasa firintar bogi a cikin jerinka, kai kuma ka aika mata aiki da hannunka. Duk yana cikin labarin, daga layi na huɗu." Ta nuna wani ɗan saƙo a kusurwar allo. "Ga gyaran nan ma ya iso. Kwana uku yana tambaya a saka shi, kullum da safe wani yana danna 'sai anjima'."

"Tare mini allo yake yi," in ji Injiniya a hankali.

Ta danna. Kafin Dokta ya gama ɓamɓare sitikar girarsa an gama gyara.

Barista ya gyara kwat, ya ji ranarsa ta zo. "Malama, tambayoyin nan, ana iya yi wa mutum su?"

"Ban taɓa gwadawa ba."

"Yau za a gwada. Wannan daga nesa yake ɓarna ko sai ya zo kusa?"

"Sai ya zo kusa," jama'a suka amsa.

"To maki ya sauka," in ji mai gyara. "Sai da makulli?"

"Ni na ba shi da hannuna," in ji Yaya.

"Ya ƙara sauka. Sai masu gida sun taimaka masa?"

Dokta ya dubi firij ɗinsa. Barista ya dubi sama. Baba Tela ya sa gwiwar hannu yana goge allin da ke ƙofarsa.

"Na ji amsa," in ji mai gyara. "Ɓarnar fa? Ya tona asiri?"

"Ya tona!"

"Ya ɓata kaya? Ya tsayar da aiki?"

Ƙaton mai rabin aski ya nuna kansa kawai.

Mai gyara ta yi ɗan lissafi da yatsu. "Shida. Matsakaici."

"Shida?" Injiniya ya zabura. "Ni? Firinta uku da danni ɗaya, bene guda na tsayar, a ce matsakaici? Malama, ki sake aunawa, akwai son kai a nan!"

Yaya ta miƙa tafin hannu. Ya dube shi, ya dube ta, ya ciro makulli ya ajiye a ciki. Ta yanke hukunci a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Duk takardar da ta fita daga benen nan sai ya tsinto ta, ta titi da ta kwata da ta hannun mutane. Bangon Dokta da bargonsa sai ya ɓamɓare su da farce. Takardun da bayansu ke fari kuma ya yanka ya ɗinke su ƙananan littattafai ya raba wa maƙwabta, a kan bencinsa, inda zai ci gaba da zama. Kujera kuwa gobe za a liƙa sanarwar neman mai taifin, shi zai manna ta a ƙofa.

"Ni ma ina da nawa," in ji Baba Tela. "Da wandon zai yi aikin. Jama'a su gani da idonsu ko wata shida ne ko ƙasa da haka."

Haka aka yi. Bayan rabin awa ga Injiniya a tsakiyar titi da buhu a kafaɗa, ƙafar wando ɗaya na sharar ƙasa ɗaya na gaishe da ƙwauri, yana bin mutane yana roƙon takarda, su kuma suna cewa bari su gama karantawa. Da mai gyara ta fito ɗauko waya daga mota, ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Malama, tsakaninmu. In an sake dubawa, ba zan kai ko bakwai ba?"

Ta dubi bayansa. Wata baƙar mota ce ke shigowa layin a hankali, takarda mai tambarin ofis ta manne a gilashinta. Motar ta tsaya. Lauyan ya fito, ya ɓamɓaro takardar, ya ciro tabarau daga aljihu.

"Ka ɗan jira," in ji ta. "Bari ya kai layi na huɗu, inda ka ƙirga masa shari'o'insa."